Shekara huɗu ana ce mana "kuna cikin tsari", bangon aji kuwa sai ƙara tsagewa yake yi: wa ya kamata mu tuhuma?

Uban Ɗalibai ya rubuta:

Assalamu alaikum, jama'a. Ina da tambaya wadda ta daɗe tana ci mini rai, kuma na san a cikinku akwai malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati da masana shari'a waɗanda suka fi ni sanin yadda ake tafiyar da irin waɗannan al'amura. Ni ɗan kwamitin kula da makarantar firamare ne a wani ƙauye na Arewa maso Yammacin Nijeriya, 'ya'yana uku suna karatu a cikinta, ni ma a cikinta na yi nawa karatun. Ba zan kama sunan makarantar ko na ƙaramar hukumarmu ba, domin hanya nake nema, ba tozarta wani ba.

Makarantar tana da gine-gine uku, kowanne mai aji biyu, kuma dattawanmu sun shaida mana cewa biyu daga ciki an gina su ne lokacin da gwamnatin soja ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta na UPE a 1976. Shekara huɗu ke nan da iskar farkon damina ta yaye rufin ɗaya, ta nannaɗe kwanon ta jefa shi cikin gonar maƙwabta. Na biyun yana nan da rufinsa, amma bangon gabas ya tsage tun daga ƙarƙashin taga har inda katakon rufi yake zaune, kuma tsagar da bara ɗan yatsa kaɗai take ɗauka, bana tafin hannuna yana shigewa cikinta har ina hango hasken waje. Gara ta cinye katakon, silin ya zazzago, jemagu sun mai da wurin makwancinsu, daɓen kuma ya farfashe ya koma rairayi, har yara kan zo da tsohon buhun taki su shimfiɗa kafin su zauna. A wannan ajin 'yata mai shekara tara take zama tare da yara fiye da tamanin. Idan hadari ya haɗu, malaminsu ba ya jiran ruwa ya sauko, nan take yake tashinsu su tafi gida, kuma ni ban ga laifinsa ba. Daga watan Yuni zuwa hutun ƙarshen shekara, sau da yawa tun kafin a fita tara an riga an sallame su.

Mun rubuta takarda sau biyar, mun kai ofishin ilimi na ƙaramar hukuma da hannunmu. Sau biyu an turo jami'ai, suka auna ginin da tef, suka ɗauki hotuna, suka sha ruwa a gidan mai gari, suka tafi. Duk lokacin da muka koma bin sawu, amsa ɗaya ce: kuna cikin tsari, ku ƙara haƙuri. A cikin waɗannan shekaru mun ga an gina sabbin azuzuwa huɗu a wata makaranta da ke bakin kwalta, an shafe su da fenti, an yi bikin buɗewa da kiɗa da 'yan jarida, alhali tsofaffin azuzuwan wannan makarantar ba su kai namu lalacewa ba. Ba baƙin ciki muke yi musu ba, su ma 'ya'yanmu ne, amma abin ya tsaya mana a rai.

Tambayata kashi biyu ce. Ta farko, a doka da kuma a aikace, wane ne ke da alhakin maye gurbin ginin makarantar firamare idan ya mutu, kuma a ina kuɗin yake maƙalewa? Ta biyu ita ce wadda ta raba kan kwamitinmu. Matasan garin suna son a yi karo-karo da aikin gayya a gyara abin da zai gyaru kafin damina, dattawa kuma suna cewa da zarar mun taɓa ginin za a ce matsalarmu ta warware, a cire sunanmu daga jerin masu jira. Ina roƙon wanda ya san gaskiyar lamarin ya haska mana.

Tsohon Hedimasta ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka maka da alheri da ka tsaya wa 'ya'yan jama'a. Na yi shekara 35 ina aikin koyarwa, shekarun ƙarshe na yi su a ofishin ilimi na wata ƙaramar hukuma, saboda haka kalmar nan ta "kuna cikin tsari" na san ta sarai, kuma ina neman gafarar Allah domin ni ma na sha faɗa wa iyayen yara ita alhali ban taɓa ganin tsarin da idona ba.

Bari in fara da asalin rikicin. Kundin tsarin mulki na 1999 ya sanya samar da ilimin firamare da kula da shi cikin ayyukan da ƙananan hukumomi suke da hannu a ciki, amma shekara da shekaru kuɗin ƙananan hukumomi yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, kuma idan aka cire albashin malamai abin da yake isa ofishin sakataren ilimi da ƙyar yake sayen alli da rajista. Sakataren ilimi ba ya ba da kwangilar gini. Iyakarsa ya tattara sunayen makarantun da suka lalace ya aika babban birnin jiha, saboda haka takardunku biyar sun shiga hannun wanda ba shi da ikon cewa a yi ko a bari. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, amma aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa, don haka kada ka ɗora buri a kansa tukuna.

Babbar hanyar da kuɗin ginin azuzuwa yake bi ita ce ta shirin ilimin matakin farko na bai-ɗaya, wato UBE, wanda Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar a Sakkwato a 1999, aka kuma yi masa doka a 2004. Dokar ta ware kashi 2 cikin 100 na babban asusun kuɗin shiga na gwamnatin tarayya domin ilimin matakin farko, hukumar tarayya mai kula da shirin, wato UBEC, ce take riƙe da shi a Abuja, kuma rabin wannan kuɗi tallafi ne ga jihohi wanda mafi yawansa gini da gyara ake yi da shi. Sharaɗin shi ne, jiha ba za ta taɓa kasonta ba sai ta ajiye kwatankwacinsa daga aljihunta, sannan hukumar ilimin bai-ɗaya ta jihar, wato SUBEB, ta gabatar da tsarin aiki wanda ya lissafa makarantu ɗaya bayan ɗaya da irin aikin da za a yi wa kowace, UBEC ta amince da shi. Wannan shi ne "tsarin" da ake gaya muku. Takarda ce ta gaske mai shekara a jikinta da sunayen makarantu a jere, ba magana ce ta fatar baki ba, kuma ko dai sunan makarantarku yana ciki ko ba ya ciki.

To, a nan ne ake samun tsaiko na farko. Jihohi da dama sukan yi shekara biyu ko uku ba su ajiye nasu kason ba, kuma a ƙarshen 2024 hukumar UBEC da kanta ta bayyana cewa kuɗin da jihohi suka bari a ajiye ba su karɓa ba ya haura naira biliyan 100. Ka ga kuɗi yana kwance a Abuja, yara suna zaune a kan buhu a ƙauye. Jihar da ta makara sai ta zo tana aiwatar da tsarin shekarar da ta wuce da daɗewa, wanda aka ƙiyasta da farashin wancan lokaci. Akwai kuma wani abu da ban cika jin ana maganarsa ba, wato tallafin daidai ake raba shi tsakanin jihohi, ba a duba yawan ɗalibai. Kano mai ƙananan hukumomi 44 da Bayelsa mai 8 kaso ɗaya suke samu. Dambu idan ya yi yawa ba ya jin mai, shi ya sa jiha mai dubban makarantu ba za ta taɓa fita daga wannan rami da kuɗin UBEC kaɗai ba, sai ta zuba nata na musamman. Da gwamnan Kano ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, da bakinsa ya ce ɗalibai fiye da miliyan 4.7 a ƙasa suke zama su ɗauki darasi. Idan jiha ta faɗi haka a kan kanta, ka san jerin masu jira ba gajere ba ne.

Tsaiko na biyu shi ne na zaɓe, ina nufin zaɓen makarantun da za su shiga tsarin. Jerin da muke aikawa daga ƙasa mukan tsara shi bisa tsananin lalacewa, amma wanda yake dawowa sau da yawa ya sha bamban da shi, domin a kan hanya ya bi ta hannun masu faɗa a ji, kowa ya cusa ta mazaɓarsa. Sabon gini a bakin titi ana ganinsa, ana iya kafa masa allo da suna, ana yanka masa kyalle. Rushe mataccen aji a ƙauyen da mota ba ta shiga da damina a sake gina shi ba ya jawo wa kowa tafi. Abin da ka gani a makarantar bakin kwalta ke nan.

Game da aikin gayya, ina tare da dattawanku. Na ga makarantar da jama'a suka yi ƙoƙari suka lulluɓe rufi da tsohon kwano, da jami'ai suka zo duba sai suka rubuta cewa tana cikin yanayi mai dama-dama, ta sauka daga saman jeri zuwa ƙasa, har na bar aiki ba a waiwaye ta ba.

Injiniyan Gini ya amsa:

Baba Hedimasta ya yi bayani mai gamsarwa a kan kuɗi, Allah ya ƙara masa lafiya. Ni abin da ya tayar mini da hankali shi ne siffar bangon da Malam ya bayar, kuma ina roƙon a fara da shi kafin kowace takarda. Tsagar da ta ratsa bango daga fuska zuwa fuska har ana ganin haske, kuma take ƙara buɗewa daga shekara zuwa shekara, alama ce cewa harsashin ginin yana motsi, mai yiwuwa ruwan da yake zuba daga rufi ya daɗe yana kwanciya a gindin bangon yana cin ƙasar da ke ƙarƙashinsa. Idan aka haɗa wannan da katakon rufi da gara ta cinye, to bangon da rufin kowanne ya daina riƙe ɗan'uwansa. Ba zan iya yanke hukunci a kan ginin da ban gani ba, amma da ni ne uban wannan yarinya, ba za ta sake kwana biyu a ajin ba. Inuwar darbejiya da tabarma sun fi mata aminci. Ku fitar da yaran, ku toshe ƙofar da tagogin da ƙaya ko itace domin kada su shiga wasa bayan an tashi. Idan kuna son hujja a hannu, ku shafa ɗan siraran siminti a kan tsagar a wuri biyu ko uku, ku rubuta kwanan wata a gefe, ku riƙa dubawa kowane mako. Idan shafen ya tsage, bangon yana tafiya ke nan, ku ɗauki hotonsa tare da kwanan watan.

Kada wani ya ce ai ginin ya kusa shekara hamsin a tsaye, don haka zai ƙara ɗaya. Ranar 12 ga Yulin 2024 ginin makarantar Saints Academy a unguwar Busa Buji ta Jos ya rufta kan ɗalibai ana cikin karatu da safe, mutum 22 suka rasu. A watan Maris na 2019 wani bene mai makaranta a samansa ya faɗi a Ita Faji da ke tsibirin Legas, aka rasa kimanin mutum 20. Waɗannan makarantu masu zaman kansu ne, gine-ginen kuma benaye ne, amma duba lafiyar ginin da yara suke taruwa a cikinsa aikin hukuma ne ko na wane ne ginin, kuma bangon bulo mai hawa ɗaya ma ya isa ya kashe yaron da ke zaune a gindinsa.

Zan ƙara wani tsaiko na uku a kan biyun da Baba ya kawo, domin shiga tsari ba ya nufin an gama. Na yi aiki da 'yan kwangila, na ga yadda abin yake. Ana ba da aiki a kan farashin da aka ƙiyasta wata goma ko shekara kafin a sa hannu, a ba ɗan kwangila kuɗin kafin alƙalami, ya haƙa harsashi ya ɗora bulo zuwa linta, sannan ya zauna jiran biya na gaba. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, buhun siminti da ake saye wajen naira 5,000 ya haura 10,000 a farkon 2024, rodi da kwano da kuɗin tifar yashi duk suka bi bayansa. Wanda ya karɓi aiki a tsohon farashi, ko dai ya gudu ya bar kango, ko ya rage siminti, buhun da ya kamata ya fitar da bulo talatin a matse shi ya fitar da hamsin ko fiye. Akwai kuma kwangilar da ake sayarwa hannu biyu ko uku kafin ta iso ga wanda zai riƙe cebur, kowane hannu ya yagi rabonsa. Shi ya sa za ka ga ajin da aka gina shekara shida da suka wuce ya riga na UPE mutuwa. Saboda haka ko ranar da aka zo yi muku ginin, kwamitinku ya nemi a nuna masa takardar ƙididdigar kayan aiki, ya kuma sa magini ɗan gari ya riƙa tsayawa a wurin kwaɓi da wurin buga bulo.

Malama daga Maraɗi ta amsa:

Salamu alaikum, 'yan'uwa na Nijeriya. Ina koyarwa a makarantar firamare a jihar Maraɗi, kuma na karanta maganar Malam da nauyin zuciya, domin namu ciwon ɗan'uwan naku ne. A nan Nijar idan azuzuwan siminti ba su isa ba, ko suka lalace aka yi ta jiran gyara, iyaye ne suke haɗa kara da zana da itace su kafa rumfa, a sa mata allo a kira ta aji. Kowa yakan ce na wucin gadi ne, kafin gwamnati ta gina na gaske. Na yi shekara bakwai ina koyarwa a cikin irin wannan rumfa da aka ce ta shekara ɗaya ce. Ba a samun kara sai an yi girbi, don haka ko da an buɗe makarantu a watan Oktoba, mu sai mu yi makonni muna jiran a kawo kara, sannan ruwan farko yana sauka rumfar ta gama aiki. Shekarar karatun ɗan rumfa ta gajarce ta kai da ƙafa, amma jarrabawa ɗaya zai zauna da ɗan birni.

Abin da ya fi wannan muni kun ji shi a rediyo. A watan Afrilun 2021 wuta ta kama azuzuwan zana a wata makaranta da ke unguwar Pays-Bas a Yamai, yara aƙalla 20 suka rasu, yawancinsu ƙanana ne ƙwarai. Ba a yi wata bakwai ba, ranar 8 ga Nuwamba, irin wannan gobara ta tashi a nan cikin garin Maraɗi, ta ci yara aƙalla 25 'yan shekara biyar zuwa shida. Bayan nan gwamnati ta hana sa ƙananan yara na ajin share fage a cikin rumfunan zana, aka kuma yi alkawarin maye gurbin azuzuwan kara, waɗanda hukumomi da kansu suka ce sun kai wajen 36,000 a faɗin ƙasa. An gina wasu, ba zan musa ba, amma har yau duk wanda ya zaga karkara bayan girbi zai ga ana kafa rumfuna.

Dalilin da ya sa na kawo wannan, Malam, shi ne in ja hankalinku a kan abin da za ku yi bayan kun fitar da yara daga ajin, kamar yadda Injiniya ya ba da shawara, kuma shawararsa daidai ce. Idan za ku kafa rumfa, ku yi ta a buɗe ta kowane gefe, nesa da inda masu sayar da abinci suke hura wuta, kada ku kewaye ta da zana ku bar ƙofa ɗaya, kada kuma ku jera rumfuna suna manne da juna. Sannan ku sani cewa daga ranar da rumfa ta tsaya, hankalin kowa yana kwanciya, har da na iyaye, domin yara sun sami inda za su zauna. Ku rubuta a takarda cewa mafaka ce ta wata kaza, ku kai wa hukuma kwafi, ku ci gaba da bin sawu kamar babu ita.

Barista ta amsa:

Ina gaishe da kowa, musamman Baba Hedimasta, wanda bayaninsa ya rage mini aiki. Malam, ina da tambaya guda a gare ka: a cikin takardu biyar da kuka kai, akwai wadda aka buga wa kwafinta hatimin karɓa da kwanan wata da sa hannu, kuka dawo da ita gida? Idan babu, to a idon doka kamar ba ku taɓa rubutawa ba, kuma ranar da wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, kowane ofishi zai iya rantsewa cewa bai sani ba. Jinkiri irin wannan yana daɗewa ne saboda alhakin ya warwatsu tsakanin hawa uku na gwamnati, babu mutum ɗaya da sunansa yake manne da aikin, babu kuma ranar da idan ta wuce za a ce ya saɓa. Aikinku shi ne ku samar da sunan da ranar.

Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa ikon neman takardun hukuma ba tare da ya faɗi dalilinsa ba, kuma ta ba hukumar kwana bakwai ta amsa, ko ta bayyana a rubuce abin da ya hana ta. An daɗe jihohi suna cewa dokar ta tarayya ce ba ta shafe su ba, amma a watan Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa ta shafi jihohi ma. Ku rubuta wa shugaban hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiharku kai tsaye, ku nemi kwafin tsarin aikin da aka amince da shi na kowace shekara a cikin shekaru huɗun nan, da rahoton jami'an da suka zo aunawa, da sunan ɗan kwangila da kuɗin da aka biya idan har an taɓa ba da aikin makarantarku. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin yakan faru a tarar a takarda an riga an "gyara" makaranta an biya, alhali ko ƙusa ba a buga ba. Idan haka kuka tarar, magana ta tashi daga jinkiri ta koma laifi, kuma hukumar ICPC mai yaƙi da cin hanci tun 2019 tana da shirin bin diddigin ayyukan da aka biya kuɗinsu ba a yi ba. Masu shirin Tracka na ƙungiyar BudgIT ma suna taimaka wa al'umma gano abin da aka sa wa garinsu a kasafin kuɗi. Ku aika kwafi ga ɗan majalisar jiha mai wakiltarku da kwamitin ilimi na majalisar, ku kuma sanar da hakimi ta hannun dagacinku, domin takardar da ta bi ta fada ba a cika yi mata riƙon sakainar kashi ba.

Za a iya ce muku ilimi yana babi na biyu na kundin tsarin mulki, wanda ba a kai gwamnati ƙara a kansa. Wannan magana ta yi rauni yanzu. Kotun ECOWAS a shari'ar da ƙungiyar kare haƙƙin jama'a ta SERAP ta shigar ta tabbatar a 2010 cewa ilimi haƙƙi ne da za a iya nema a gaban kotu, Babbar Kotun Tarayya a Abuja kuma ta yanke a 2017 cewa dokar UBE ta mai da ilimin matakin farko kyauta haƙƙin da ake iya tilasta bayarwa. Ba ina cewa ku garzaya kotu gobe ba, shari'a tana cin lokaci da kuɗi, amma jami'in da ya ga kun san wannan zai canza yadda yake karɓarku.

A kan aikin gayya kuwa, Baba, ku yi mini afuwa, ban bi ku gaba ɗaya ba. Abin da kuka gani gaskiya ne, amma idan muka mai da shi ƙa'ida, to muna gaya wa iyaye su bar 'ya'yansu cikin haɗari domin haɗarin ya zama hujjarsu. Bangon da ya tsage ba na gayya ba ne, Injiniya ya nuna ba a gyara shi da faci, kada matasa su ɓata kuɗinsu a kansa. Amma ginin da ke da lafiya, a tallafe shi da magudanar ruwa da sauya kwanon da ke yoyo, bayan an ɗauki hotunan komai an kuma shigar da takarda mai hatimi.

Tsohon Hedimasta ya sake amsawa:

Barista, 'yata, na karɓi gyaranki, kuma na ji daɗinsa. Mu a zamaninmu ba mu san ana iya neman takardar tsari a ba ka ba, shi ya sa muka saba da jiran gawon shanu. Abu ɗaya zan ƙara wa Malam. Kada ku sa hedimastanku ya sa hannu a takardar, kada kuma ku bari ya yi magana a rediyo. Ma'aikaci ne, kuma na ga wanda aka yi wa canjin wurin aiki zuwa ƙauyen da ya fi nisa a ƙaramar hukuma saboda ya bari an ɗauki hoton ajinsa. Shugaban kwamiti da mai gari da liman da shugabar mata su sa hannu, su babu mai iya canza musu wurin zama. Ku kuma yi hanzari, domin tun kafin a gabatar da kasafin kuɗi a ƙarshen shekara ake tattara sunaye, wanda ya zo bayan an rufe sai wata shekarar.

Uban Ɗalibai ya dawo:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Barista, amsar tambayarki ita ce babu ko ɗaya mai hatimi, mun riƙa miƙawa ne a karɓa a ce mana an gode, kuma da na karanta maganarki sai da jikina ya yi sanyi. Jiya bayan sallar la'asar muka zauna a ƙofar gidan mai gari, na karanta musu duk abin da kuka rubuta. Dattawa da matasa sun daidaita a kan cewa ba za a taɓa tsagaggen bangon ba, kuɗin karo-karon za a yi magudanar ruwa da shi a bayan gini na uku. Yau da safe mun kwashe 'yan aji uku da huɗu zuwa gindin darbejiyoyin da ke bakin filin ƙwallo, liman ya ara mana tabarmin masallacin Idi, wani magini ɗan garinmu kuma ya shafa siminti a wuri uku a kan tsagar, ya rubuta kwanan wata da gawayi. Malama, mun ji gargaɗinki, rumfar da za a kafa ba za a kewaye ta ba.

Ranar Litinin ni da shugaban kwamiti za mu hau motar farko zuwa babban birnin jiha da kwafi uku na takardar. Barista, idan aka karɓa amma aka ƙi buga mana hatimi, me ya kamata mu yi kafin mu bar ofishin? Kuma kwana bakwan nan, daga ranar da muka miƙa ake fara ƙirgawa, ko daga ranar da takardar ta isa teburin shugaban hukumar?